Ranar da Kowa Ya Guji Kwando

Malam Barau ne ya kawo wasan ƙasar Gumel. An ɗauke shi yana yaro aka kai shi Kano karatun boko, daga can aka wuce da shi Ikko. Ya dawo da gemu, da usur, da ƙwallon fata guda ɗaya. Aka ba shi kula da azuzuwan boko na Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. A kowane gari ya sa aka kafa azara biyu, aka ɗaure kwando a saman kowace. Yara biyar-biyar ne, ba gudu da ƙwallo a hannu, ba kokawa. Kowane ɓangare na tsaron kwandonsa, yana neman jefawa a na abokan karawa. Ya so a yanke gindin kwandunan, aka ƙi, wai ba a ɓata kwando lafiyayye. Saboda haka duk wanda ya ci sai an kawo tsani an ciro ƙwallon.

Shekarar farko da aka tara garuruwan a Gumel bayan girbi, 'yan gida suka ci, aka ba su rago. Shekara ta biyu Baturen makarantu ya zo kallo daga Kano. 'Yan Gagarawa suka ci. Wasan wani yaronsu mai suna Dogo ya burge shi, ya ce irin wannan ba a barinsa a ƙauye, ya tafi da shi. Har damina ta zo ta wuce ba wanda ya sake ganin Dogo.

A shekara ta uku, 1928, Baturen ya aiko tun da wuri. Zai zo, kuma garin da ya ci, a cikinsa zai ɗauki yaro guda ya kai shi makarantar Kano. A wurinsa kyauta ce.

Da safiyar ranar gasa, Barau na duba ɗaurin kwando a filin bayan kasuwa, sai ga Bappa da sandarsa a kafaɗa. Bafillatani ne daga wata ruga kusa da Sule Tankarkar. Da aka ce dagaci ya ba da yaro a aji, bai ba da nasa ba, sai ya ba da Manu ɗan Bappa. Manu ya yi tsawo, hannunsa kuma bai cika kuskure ba. Ɗan fari ne, don haka uban ba ya kama sunansa.

Suka gaisa. Bappa ya ce, "Malam, cire yaron nan."

"Ba zai ciru ba, Bappa. Baturen ya gan shi a aji, har ya dafa kansa. In bai gan shi a fili ba zai tambaya."

"Ka ce ba shi da lafiya."

"Sai ya ce a kai shi asibiti a Kano."

Bappa ya kafa sandarsa a ƙasa ya jingina da ita. "Shi ke nan gare ni, saura duk mata ne. Idona ɗaya ya soma hazo, da yamma ba na raba shanuna da na maƙwabci. In aka tafi da shi, wa zai kai su mashaya?"

Barau ya ja igiyar kwandon ya ƙara ƙulli.

"Kai da aka kai ka, me ka tarar da ka dawo?"

"Kango," in ji Barau. "Da aiki."

"To, na gaya masa kada ya ci. Ko sau ɗaya."

"Wannan tsakaninku ne. Ni alƙalin wasa ne."

Ba Bappa kaɗai ya yi wa ɗansa wannan huɗuba ba, kuma wasannin safe suka nuna haka. 'Yan Gagarawa, da suka riga suka ɗanɗana, gajerun yaransu suka kawo, Maigatari ta wuce su ba da niyya ba. 'Yan Gumel kuwa, da suka kara da Sule Tankarkar, 'yan birni ne, sun iya faɗuwa da mutunci. Sai su jefa, ta doki bakin kwando ta dawo, su kama kai kamar abin ya dame su. Manu ya bi umarnin ubansa har zuwa lokacin da ƙwallon ta faɗo masa a hannu a gindin azara. Hannun ya yi abin da ya saba. Ya sake yi kafin a tashi. Sule Tankarkar ta wuce.

Baturen, a kujerarsa ƙarƙashin rumfa, ya tafa.

Da azahar aka watse cin abinci. Bappa na zaune a gindin tsamiya bai taɓa furarsa ba, sai ga Ubale, Bamange mai fataucin kanwa a Maigatari. Ɗansa Ɗanjuma ne babba a 'yan wasan garinsu. Fulani da Mangawa abokan wasa ne, kuma waɗannan biyu sun daɗe suna haɗuwa a kasuwa.

"A'a, bawana, ashe gwani ka haifa," in ji Ubale. "Allah ya kai shi Kano lafiya. Kai ma fara koyon shan fura da cokalin ƙarfe, don ranar da zai kawo maka ziyara."

"Ubangidanka dai. Naka fa, ba shi ya kai ku nan ba?"

"Nawa? Nawa ko loma ya nufi baki da ita sai ta sauka a kunne."

"Gado ne. Na taɓa ganinka kana neman hawa jaki."

"Jakin Bafillace ne na ara, shi ya sa. Bai ƙoshi ba, kamar mai shi."

Mutanen da ke kusa suka yi dariya. Ubale ya wuce, yana tafe yana waigen inda ɗansa ke zaune.

Bappa ya tashi ya sami Barau a bakin masallaci yana sa takalmi.

"Malam, in mutum ya jefa a kwandon da yake tsaro, cin na wa ne?"

"Na abokan karawarsa."

"Ko shi ya jefa da hannunsa?"

"Ko shi." Barau ya ɗago ya dube shi. "Me ya sa?"

"Tambaya ce."

Bayan la'asar aka shiga wasan ƙarshe. Fili ya cika har kan katangar kasuwa. Barau ya busa usur, ya cilla ƙwallon sama tsakanin Manu da Ɗanjuma. Ba wanda ya yi tsalle. Ta faɗo tsakaninsu, ta gangara, yara suna kauce mata kamar kububuwa. Da Barau ya daka tsawa, wani ɗan Maigatari ya ɗauka ya miƙa wa ɗan Sule Tankarkar da ladabi, shi kuma ya jefa ta can gefen masu sayar da gyaɗa. Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, dogari ya harare ta. Haka aka yi ta yi har aka tafi hutu, mai tsani bai motsa daga inda yake zaune ba.

Baturen ya kira Barau. Kunnuwansa sun yi ja. Ya yi magana da Turanci, a hankali.

"Ni ba yaro ba ne, Malam Barau. Na ga abin da ake yi. Gaya musu, in aka tashi ba ci, zan zaɓa da kaina. Kuma na riga na ga wanda nake so tun da safe."

Ya nuna Manu da bakin lofensa.

Barau ya tara yaran goma a tsakiyar fili ya faɗa musu da Hausa, bai ƙara ba bai rage ba. Kafin a sauya gefe maganar ta zagaye taron. Mutanen Maigatari suka saki jiki. Su yanzu ba sa bukatar komai, a tashi haka ma ya ishe su.

"Ɗanjuma," Ubale ya kira daga gefe, "riƙe ta, ɗana. Zauna a kanta ma in ka so."

Aka dawo. 'Yan Maigatari suka riƙe ƙwallon, wannan ya ba wancan, wancan ya dawo masa da ita, nesa da kowane kwando. Inuwar azara ta miƙe har ta taɓa ƙafafun 'yan kallo. Baturen ya ciro agogonsa ya ɗora a gwiwa. Manu na tsaye a tsakiya, hannuwansa a sake. In ya ci, garinsu ya ci, a ɗauke shi. In bai ci ba, a ɗauke shi.

Sai Bappa ya matso har bakin layin toka da aka shata filin da shi, ya yi magana da Fillanci, gajeriya, ba tare da ya dubi ɗan ba.

Manu ya ji. Da ƙwallon ta tashi daga hannu zuwa hannu, ya miƙa dogon hannunsa ya tsinke ta a iska. Bai nufi kwandon Maigatari ba. Ya juya baya, yana buga ta a ƙasa, ya nufi nasu.

Ɗanjuma ne ya fara ganewa. "Ku tare shi! Mu zai ci wa!"

'Yan Maigatari suka kwasa a guje su tsare kwandon da ya kamata su ci a ciki. Ɗanjuma ya sha gaban Manu, ya doke ƙwallon daga hannunsa, ya juya da ita zuwa kwandon garinsu don ya rama da irin dabarar. Sauran 'yan Sule Tankarkar suka rufe shi. Ya kutsa tsakanin biyu, ya jefa, wani ya taɓa ta da yatsa ta kauce. Aka zube a kanta. Barau ya busa, ya raba, ya cilla sama, wannan karon Manu da Ɗanjuma duk suka tashi kamar an harba su.

Tun da ya kawo wasan bai taɓa ganin an buga shi haka ba. Ba mai jiran wani, ba mai tsoron faɗuwa. Gwiwar wani yaro ta fashe, bai ko duba ba. Taron ya yi tsit, sai ƙarar ƙafa da numfashi. Sau biyu Ɗanjuma ya ƙwace daga Manu. Sau ɗaya ya kai har gindin azararsu, ƙwallon ta zagaya bakin kwando ta faɗo waje, Ubale ya dafe ƙirji.

Baturen ya ɗauki agogon ya soma ɗaga hannu.

Ƙwallon na hannun Manu, kusan a tsakiyar fili, mutum uku a gabansa da hannuwa sama. Ba hanyar matsawa. Ya ja da baya taku ɗaya, ya jefa ta saman kawunansu. Ta yi sama, ta lanƙwaso, ta faɗa kwandon Sule Tankarkar ta zauna.

Barau ya busa. "Ci na Maigatari." Hannun Baturen ya sauka, Barau ya sake busawa. "An tashi."

Ba wanda ya yi guɗa. 'Yan Maigatari da suka ci gasa suka tsaya cirko-cirko suna duban iyayensu.

Baturen ya yafito Barau. Fushin ya tafi, har akwai alamar murmushi a bakinsa.

"Dogon yaron nan. Da gangan ya yi, ko ruɗewa ce? In da gangan ne, yaro mai irin wannan kai ba zan bar shi a nan ba, ko garinsu bai ci ba."

Barau ya waiga. Bappa ba ya jin Turanci, amma ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Manu na haki a tsakiyar fili, idonsa a kan malaminsa, ba a kan ubansa ba. Barau bai san abin da idon ke roƙo ba, kuma ba lokacin tambaya.

"Ruɗewa ce, ranka ya daɗe. An sauya gefe bayan hutu, shi bai gane ba. A aji ma haka yake. Hannu gare shi, ba kai."

"Duk goman suka ruɗe?"

"Shi ya fara, suka bi shi. Yara ne."

Baturen ya daɗe yana dubansa. Barau bai sunkuyar da kai ba. Daga ƙarshe Baturen ya sa agogon a aljihu ya miƙe.

"To. Maigatari ta ci. Wancan da ya yi ta ƙwace masa ƙwallo, shi nake so. A kawo shi masauki da kayansa gobe da safe."

Barau ya fassara. Ɗanjuma ya dubi ubansa. Ubale ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya tako a hankali har gaban Bappa.

"Bafillace, ka iya wasa," ya ce.

Ubale ya kama hannun ɗansa suka nufi cikin gari nemo masa tabarma da buta.

Mai tsani ya hau ya sauko da ƙwallon. Manu ne ya karɓa ya kawo wa Barau.

"Malam, na ji abin da ka gaya masa. Ai kai ka koya mana kalmomin Turancin."

"To."

"Ban ruɗe ba."

"Na sani."

Manu ya tsaya kamar zai ƙara magana. Barau ya karɓi ƙwallon ya sa a jaka.

"Tafi, babanka na jira. Kuna da tafiya."

Bappa bai tsaya sallama ba. Ya riga ya kama hanyar Sule Tankarkar da sauri irin na wanda ke tsoron a kira shi a ce an sake shawara. Manu ya bi shi a baya, da ɗan tazara.

Da shekara ta zagayo, Barau ya aika a shirya gasa ta huɗu. Garuruwa uku suka aiko cewa gara ta cinye kwandunan.