Kwandon da Aka Ce Kada a Taɓa

Iyakar nan ba ta da hali guda. Wata rana ka iske sandar tare hanya a ɗage, akuya na barci a ƙarƙashinta. Wata rana ka yini a rana ana kwance maka ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani jami'i da matafiya ke kira Mai Tsinke, don shi ba ya buɗe kaya. Dogon tsinken ƙarfe yake cakawa, ya zaro, ya shinshina.

Bara haka ya caki kwandon wani tsoho mai kiwon zuma. A ciki akwai akun marigayiya matarsa, wanda kullum yakan ce, "Maigida, ka ci abinci?" da muryarta sak. Tsinken ya fito da jini da jan gashi. Mai Tsinke ya goge a wandonsa ya ce, "Na gaba."

Tsoho bai yi kuka ba. Da shekara ta zagayo ya zaɓi amyar da ƙudan zumanta suka fi faɗa, waɗanda ko inuwar mutum ba sa so. Ya liƙe bakinta da yumɓu, ya sa ta a kwando irin wancan, ya rufe da zanen matar.

"Baba, me ke ƙugi a kayanka?" in ji direban motar da ya shiga.

"Cikina ne, ɗana. Tuƙa."

Da suka isa, sai ga sanda a ɗage. Mai Tsinke na kan benci ba takalmi, yana yankan farce da reza, tsinken na jingine da bango.

"Ku wuce! Yau ba na jin aiki."

Ba haka tsoho ya so ba. Ya sauka da kwandonsa, ya raɗa wa direba, "Matsa gaba, ku ɗaga gilasai."

Ya durƙusa gaban bencin. "Ranka ya daɗe, na gode da ba ka duba ba. Wannan kwandon dai ba na taɓawa ba ne."

"Na ce ka wuce, Baba. Ko kunne ya tafi?"

"Zan wuce. Dama an gaya min kai ba ka isa ka taɓa shi ba, sai babbanku."

Reza ta tsaya. Mai Tsinke ya miƙe a hankali, ya ɗauko tsinken.

"In ji wa?"

"Kada ka caka, yallaɓai. Na roƙe ka."

Ya caka har ƙasa, ya murɗa, ya zaro. Bai samu ya shinshina ba.

Tsoho ma ya sha harbi, ido ɗaya ya rufe ruf. Da wanda ya rage ya bi jami'in da kallo yana tsallen kwata, yana kiran uwarsa, har ya kutsa cikin ƙasar da ba tasa ba, ba takalmi, ba izini.

Ya naɗe zanen, ya ɗauki tsinken ya mai da shi sanda.

"Baba, fuskarka!" in ji direba.

"Bar ta. Akwai abinci a gaba? Yau zan ci."