Injin Da Ba Ya Zuwa Suna

Mu muke ƙulla wa Jemima yajin daddawa tun tana daka shi a turmi ɗaya. Kullum da hantsi sai mu taru a tsakar gidanta a Tofa, ni da Inna Fanta da sauran matan unguwa, muna zubawa a leda muna ƙullewa, atishawa kamar ta cire mana hanci. Ladan bai taka kara ya karya ba, amma ana tashi da na cefane.

Da ciniki ya buɗe, sai ta sayar wa masu yanka filaye gonarta ta gado da ke wajen Ungogo, ta tafi birni neman inji. Iri biyu aka nuna mata. Akwai ƙarami da ake takawa da ƙafa ya liƙe bakin leda, shi dole sai da masu zubawa. Akwai kuma babba, mai aunawa ya liƙe ya yanke da kansa.

Ta dawo wai tana neman shawararmu. Inna Fanta, wadda ta girme mu duka, ta ce, "'Yar nan, ɗauki ƙaramin, mu ci gaba da zuba miki."

Jemima ta yi dariya. "Inna, babban fa ba ya ciwon baya, ba ya zuwa suna."

Maganar ta yi mini ciwo, har yau ban huce ba. Gaskiya ne, ranar suna ko biki aiki tsayawa yake, don duk mun tafi. Amma ba mu taɓa tafiya hannu rabbana ba. Kowaccenmu kan cika jaka da ƙullin yaji, a sayar wa dangi a ɗakin mai jego, su ma su tafi da shi garuruwansu. A ƙafafunmu yajin nan ya shiga ƙauyuka, ita tana gani kamar daɗinsa ne kawai.

Aka kawo babban, aka sallame mu. Aiki kam ya iya, ba zan yi masa ƙarya ba. Kafin wani lokaci ɗakin ajiya ya cika har rufi. Ta kai shagunan Rijiyar Zaki, suka ce suna da na manyan kamfanoni. Mutanen ƙauye kuwa ba mai kai musu.

Rannan ta same mu muna shirin tafiya Ungogo sunan jikar Inna Fanta. Ta rame, ido ya faɗa. Ta sauke buhu ta durƙusa.

"Inna, don Allah ku tafi mini da wannan."

Inna Fanta ta gyara mayafi, ko kallon buhun ba ta yi ba.

"Ai da injin kika tura."

Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Rabona da na cefane tun ranar da aka sallame mu, ita ma ga yadda ta koma.

A hanya a-daidaita-sahunmu ya bi ta gefen gonar Jemima. Inda take shuka barkonon yajin, ginin wani har ya kai taga.