Lambar da Baffa Soja Ke Bayarwa Aro

"Ba inda za ni sai an kawo mini lambata," in ji Baffa Soja daga kan tabarma, sai ka ce mutuwa izininsa take jira.

Katangarmu ɗaya da shi a Gumel, kuma na san lambar ba tasa ba ce. Shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. A yaƙin Bama kuku yake yi wa wani sojan Ostareliya. Ranar da Japanawa suka rutsa su a bakin rafi, Baturen ya ratsa wuta shi kaɗai, ya yi ta goyo waɗanda aka harba yana dawowa da su. Baffa kuwa yana cikin rami, ya kifa tukunya a ka. Aka ba Baturen lambar jarumtaka. Da zai koma ƙasarsu ya damƙa wa Baffa, ya ce, "Riƙe, ka fi ni bukata."

Tun daga nan ta zama kayan aron unguwa. Yaron da za a kai wa wanzami, mai haihuwar fari, duk sai an rataya musu. Na sha faɗa cewa ƙarfe ne, ba ya kare kowa. Ba mai ji.

A ranar tana hannun Hamma, wani ƙaton dillalin shanu a Maigatari. Iya, matar Baffa, ta dube ni. "Malam, ko don maƙwabtaka."

Na hau mota ina faɗa. A kara, kasuwar shanu, na same shi, kunci a kumbure.

"Haba Malam, gobe fa za a cire mini haƙorin."

"Can rai ake cirewa. Kawo."

Na dawo da la'asar, na miƙa wa Baffa. "Ga ƙarfenka. Amma likkafani ba shi da aljihu, shahada za ka riƙe."

"Na yi tun kana hanya. Kai dai ba ka gajiya." Ya juya kai da ƙyar. "Ke, matso."

Iya ta matso. Ya buɗe tafinta, ya sa lambar, ya rufe mata yatsu.

"Riƙe. Ni tafiya kawai zan yi. Ke ce za ki zauna a gidan nan ke kaɗai."

"Ji tsohon matsoraci," in ji ta. "Wa ke kashe maka kunama tun da aka kawo ni?"

Amma ba ta buɗe hannun ba. Kafin magariba ya cika.

Ranar sadakar uku Hamma ya zo gaisuwa, kuncin ya ƙara hawa. Bayan addu'a ya fara kame-kame, ko za a taimaka masa da ita zuwa jibi.

"An daina aro," in ji Iya.

Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, ta ƙulle lambar a gefen mayafi, tana murza ƙullin da babban yatsa. Na tattara tabarmi na fita.