Ranar da Notburga Ta Karɓi Sandar Kyandir

Shekara ɗari uku ke nan mutanen ƙauyen su Korbinian suna cika alkawari guda. Tun lokacin da ƙwaro ya cinye musu daji kakanninsu suka yi bakance: duk bazara za su kai wa cocin Maryamu da ke kan dutse wani kyandir, wato sanda mai tsawon bishiya, naɗe da jan kakin zuma. A tsaye ake hawa da ita, mutum ɗaya ke riƙewa, in ya gaji ya miƙa wa wani. Ranar da ta taɓa ƙasa a hanya, alkawari ya karye.

Bana maza huɗu kacal suka rage, samari duk birni ya kwashe. Hawan ƙarshe kuwa, daga kangon gidan sarauta zuwa ƙofar coci, na Korbinian ne shekara talatin cur.

Baƙi sun cika saman ganuwa suna ɗaukar hoto. Korbinian ya karɓi sanda, ya yi taku goma, kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba. Kan sandar ya soma lilo.

"Kai tsoho, rawa ka zo taka mana?" in ji abokinsa Alois. Amma ba dariya a fuskarsa, don shi da sauran hannuwansu sun riga sun mutu.

Notburga, 'yar Korbinian, wadda ke sarar itace a dajin gidansu, ta dire kwandon burodin da ta ɗauko musu.

"Baba, miƙo."

"Mace ba ta taɓa ɗauka ba!"

"Ƙasa ma ba ta taɓa ɗauka ba, Baba. Zaɓi ɗaya."

Korbinian ya dubi Fada, limamin cocin, Fada ya dubi takalmansa. Alois ya ce, "Kakanni cewa suka yi sanda ta isa. Ni ban ji sun ambaci gemu ba."

Korbinian ya sakar mata sandar. Ya bi bayanta yana haki yana faɗa: "Daina kallon ƙafarki, kalli sama! Bi iska, kar ki yi kokawa da ita!"

Sai da ta jingina sandar a bangon coci aka saki ƙararrawa. Korbinian ya daɗe yana share ido, wai zufa ce.

"Sau biyu kika karkata hagu," ya ce.

"To, baɗi sai ka gyara mini."

"Baɗi ki zo da ƙawayenki. Masu kafaɗa, ba masu surutu ba."