Layi Bakwai Sama da Ruwa

Ghislaine Veilleux ta buɗe ƙofar murhu da ƙafa, ta cusa itace, ta miƙe tana dafe da ƙugu. Dogon kaskon dahuwa yana ta ɓararraka, tururi ya cika bukkar har ba a ganin rufi. Ƙamshin ruwan mapul, ruwa mai zaƙi da ake tatsowa daga jikin itacen mapul, da ya fara komawa maɗi ya kama gashinta da rigar sanyinta. Tana son ƙamshin nan, ko da yake shekara arba'in ta yi tana cewa ya ishe ta.

A duk shekarun nan dahuwa ba aikinta ba ne. Ita ce mai tace maɗi, mai zubawa a gwangwani, mai soya wa baƙi ƙwai da dumama wake. Kasko na mijinta ne, Normand, ko ludayinsa ba ya bari a taɓa. Sai ga shi a farkon sanyin bana ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalma ɗai-ɗai da yake fizgowa da ƙyar. A gida yini yake yi yana kallon bango. Amma da safen nan, da suka ɗora shi a bayan tarakta suka kawo shi cikin itatuwansa, suka zaunar da shi kusa da murhu da bargo a gwiwa, sai idonsa ya dawo. Har harara ya yi mata don ta jera itace ba yadda yake so ba, ita kuwa hararar ta yi mata daɗi.

Abin da ya hana daɗin cika shi ne Maryse, 'yarsu, wadda ta zo daga garin Lévis take tsaye a bakin ƙofa da takalmin birni. Ta riga ta faɗi tata tun a hanya: in Mama ba ta iya fitar da maɗi mai kyau ba, a ba wa maƙwabcinsu Rosaire Poulin hayar itatuwan, shi da ke da injuna, kowa ya huta. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma Ghislaine ta san haka. Ta kuma san cewa ranar da aka rufe bukkar nan, Normand zai koma wa bangonsa ke nan.

Don haka ta kafa wa ma'aunin zafi ido. A jikinsa akwai wani kartu da Normand ya yi da wuƙa tun tuni. Ita a saninta, allura na isa nan maɗi ya nuna. Saura layi huɗu.

Normand ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Ruwa."

Maryse ta ɗebo masa a kofi. Ya kau da kai kamar an miƙo masa magani. Ghislaine ta leƙa bututun da ke kawo ruwan itace cikin kasko, don in ya ƙafe kasko ƙonewa zai yi. Yana zuba lafiya lau. Ta faɗa masa haka da ƙarfi, ko da yake kunnensa ƙalau yake.

Ya sake bugawa, wannan karon a jikin butar shayi da ke ajiye a gefen murhu.

"Yanzu kuma shayi, tsoho? Ka ga ina da hannu uku ne?"

"Bari in dafa masa, Mama," in ji Maryse. "Ke dai kula da abin gabanki."

Ta ɗora butar a kan ƙarfen murhu, nan da nan ta tafasa. Tana shirin jefa ganyen shayi ya kai wa hannunta sanda. Bai buge ta ba, amma saura kaɗan. Sannan ya nuna ma'aunin, ya nuna butar, ya sake nuna ma'aunin, jijiyar wuyansa ta tashi.

Ghislaine ta tsaya da ludayi a hannu. Kowace safiya ta Allah a kakar maɗi, kafin ya taɓa komai, Normand yakan tafasa buta ya tsoma ma'aunin nan a ciki. Ita ta ɗauka wanke shi yake yi. Sau nawa ta yi masa gorin cewa bai taɓa wanke cokali a gida ba, amma abin kaskonsa kullum sai wanka da ruwan zafi. Shi kuwa dariya kawai yakan yi.

Ta zare ma'aunin daga kasko, ta goge, ta tsoma a buta. Su uku suka zuba ido. Allurar ta sauko, ta tsaya layi biyu ƙasa da inda kowa ya san ruwa yake tafasa.

Maryse ta ce ma'aunin ya lalace. Sai kuma ta leƙa waje ta ga yadda sama ta yi duhu ta yamma, ta ce a'a, ta tuna wani abu na makaranta: in hadari na tafe iska takan yi sako-sako, ruwa ya riga lokacinsa tafasa. Sukari kuma shi ke riƙe ruwan, yawansa ne ke ɗaga zafin. Ba ta ƙarasa ba uban ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ware yatsu biyar, ya dunƙule, ya ɗaga biyu.

"Bakwai," in ji Ghislaine. "Layi bakwai sama da inda ruwan yau ya tafasa. Kartun nan na wata ranar ne."

Ta yi lissafin a ka. Da ta jira kartun, da maɗin ya wuce, ya yi kauri, ya daskare ya zama tsakuwar sukari a gindin gwangwani. Ta mayar da ma'aunin cikin kasko. Allurar ta hau a hankali, ta hau, ta tsaya daidai inda ake so. Kumfa ta yi ƙanana, launinta ya koma ruwan zuma. Ta tsoma ludayi ta ɗaga, maɗin bai ɗiga ɗis-ɗis ba, sai ya zubo fai-fai daga bakin ludayin.

"Bokiti, Maryse!"

Maryse ta ruga, takalminta ya zame a jiƙaƙƙen katako, ta dafa bango, ta tara bokitin. Ghislaine ta murɗa famfon kaskon. Maɗi ya fito zara-zara yana tururi, ta bi allurar da ido har ta fara sauka, ta rufe.

Ta ɗebi kaɗan a kofi, ta dasa shi a dusar ƙanƙarar bakin ƙofa ya huce, ta kai wa mijinta baki. Ya kurɓa, ya daɗe yana juya shi a harshe, kamar ba su biyu ke tsaye a kansa ba. Daga nan ya ɗaga kafaɗarsa mai motsi, ya taɓe baki.

"Kin gani ko?" Ghislaine ta ce wa 'yarta. "Shekara arba'in, iyakar yabonsa ke nan. Ko uwarsa ce ta dafa."

Normand ya yi dariya da rabin fuska, maɗi ya gangaro masa a haɓa. Ta goge masa da bakin rigarta, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda ake bukata, don idonta ya kawo ruwa kuma ba ta son Maryse ta gani.

Can ƙasan tudu aka ji ƙarar taraktar Rosaire tana hawowa. Maryse ce ta ce masa ya biyo da rana su yi magana. Ta tsaya tana sauraro, tana lasar ɗan yatsa. Sannan ta tambayi uwarta ko akwai sauran kofi mai tsabta.

"Na me?"

"A ba shi ya ɗanɗana mana. Mutum ya taho tun daga gidansa, kada ya koma hannu rabbana."

Maryse ta cire agogonta ta sa a aljihu, ta naɗe hannun riga, ta fita ɗebo itace.