Kwakwar Inna a Vientiane

Ranar da Keson za ta tafi Vientiane, babban birnin ƙasarsu, da sassafe manyan gidansu suka zaunar da ita a tabarma, suka ɗaura mata fararen zaruruwan auduga a wuyan hannu don kada kurwarta ta ɓace a hanya. Duk wanda ya ɗaura nasa sai ya haɗa mata da shawara.

Kawu Sisuk, wanda ya taɓa aikin gini a birnin, ya ce, "Kada ki hau tuk-tuk ɗin cikin tasha. Fito bakin titi ki tsayar da mai wucewa. In kin ɓata kuma, ki yi tambaya."

Goggo Buwa ta ture shi da gwiwar hannu. "Tambayar me? Ke, saurare ni nan. Mai zuwa cika bakance ba ya faɗin inda za shi sai ya kai. Baki a rufe. Kada kayan su taɓa ƙasa. Kada ki sha ruwan kowa."

"Yaya, yaushe rabonki da birnin?" in ji Kawu.

"Ban taɓa zuwa ba. Shi ya sa ba a taɓa cuta ta ba."

Keson ta ce to ga wannan, ta ce to ga wancan. Ita dama ko a kasuwar ƙauyensu ba ta iya ɗaga murya.

Bakancen na Inna ne. Bara da aka kai Baba birni aikin ido, Inna ta shiga haikalin Si Muang ta yi alkawari: in mijinta ya sake gani, za ta kawo kwakwa daga bishiyar gidanta da ayaba kafin shekara ta juyo. Baba ya gani. Aikin gona ya danne tafiyar, sai ga sabuwar shekara a bakin ƙofa, ƙafar Inna kuma ta kumbura har ba ta iya sauka daga tsanin gidansu da ke kan turaka. Ita ta riga ta yanke cewa alkawarin ne yake kiranta. Ta daina cin abinci. Ko an kawo mata kwandon shinkafa mai danƙo, sai ta juya fuska bango.

"Akwai wani dutse a kan matashi a ciki," in ji Inna, tana ɗaura nata zaren. "In kin ajiye kayan, ki tambaya ko an karɓa, ki ɗaga shi. Ki kira ni."

Keson ta rungumi kwandon a cinya tun daga garin Paksan, inda ta hau mota, har tashar kudu ta Vientiane. Da ta sauka, masu tuk-tuk, kekunan haya masu ƙafa uku, suka yi mata caa. Ta sunkuyar da kai ta ratsa su ta fito bakin titi, kamar yadda Kawu ya ce. Wani dattijo mai hular kwano da tsumma a wuya ya tsayar da tuk-tuk ɗinsa gabanta.

"Ina za a kai 'yata?"

Nan ta tsaya. Ta buɗe baki, ta tuna Goggo, ta rufe. Ta dubi zaruruwan hannunta, duk farare, duk iri ɗaya, ba ta ma san wanne ne na wa ba. Ta yaya mutum zai hau abin hawa bai faɗi inda za shi ba? Goggo ba ta yi bayanin wannan ba.

"Kurma ce? Ko ni ne na yi miki muni?" Dattijon ya dubi zaninta na zuwa haikali, ya dubi kwandon. "Af, na gane. That Luang ko? Duk mutanenmu na ƙauye can suke fara zuwa."

Keson ta sunkuyar da kai don kunya. Shi kuwa ya ɗauka ta ce e.

A hanya bai yi shiru ba. Sunansa Tongdi. Ya ce kada ta tsallaka titi da gudu, kada kuma ta tsaya, ta yi ta tafiya a hankali babura za su kauce mata. Ya ce miyar taliyar da ake sayarwa kusa da manyan wurare ta baƙi ce, ta nemi inda ma'aikata suka yi cincirindo. Keson tana ji, tana ƙoƙarin tuna ko That Luang da Si Muang wuri ɗaya ne. Wataƙila ɗayan yana cikin ɗayan. Birni ne, komai yana iya yiwuwa.

Ya sauke ta a wani makeken fili. Hasumiyar zinariya ta That Luang tana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kanta. Keson ta cire takalmi inda ta ga ana cirewa, ta shiga, ta zagaya, ta sake zagayawa. Ga furanni, ga kyandir, ga baƙi suna ɗaukar hoto, amma babu dutse a kan matashi. Ta leƙa haikalin da ke gefe. Babu. Ta ga wata mai shara, ta nufe ta, da ta zo dab da ita sai ta wuce kamar dama wucewa za ta yi. Kawu ya ce ta yi tambaya. Amma in ta tambayi ina Si Muang, ai ta faɗi inda za ta.

Rana ta take. Hannuwanta suka yi tsami, ba damar ajiye kwandon. Gorar ruwanta ta ƙare tun a mota. Wani mai sayar da ruwan sanyi ya miƙo mata, ta girgiza kai. Ruwan sayarwa ma ruwan kowa ne? Tana cikin wannan tunanin ta ga hasumiyar ta rabu biyu, filin ya karkace, ƙafafunta suka lanƙwashe.

Da ta farfaɗo tana ƙarƙashin wata babbar lema, tsakanin tulin furanni ruwan ɗorawa. Wata mata mai jiki tana yi mata fifita da kwali, ta kafa mata kofi a baki. Keson ta sha. Ruwan da zaƙi, da ɗan garɗi, kamar na gida. Ta shanye tas kafin ta ga kwandonta a kan teburin matar, da kwakwar Inna a ciki, an sare mata kai.

Ba ta yi ihu ba. Hawaye kawai suka ɓalle.

"Yau ga ikon sama! Na ceto ki kina kuka?" in ji matar. "Menene, ƙanwata?"

"Ta bakance ce, Yaya." Muryar da ƙyar ta fito. "Ta Innata."

Matar ta dafe ƙirji tana yi wa kanta faɗa. "Kai, Wanpeng, hannunki ya fi kanki sauri! Ai na ga kin yi fari fat, kwakwar ce kusa da wuƙata. To share hawayenki, a saya wata. Ga su can birjik."

"Ta bishiyar gidanmu ta ce."

"Wa zai sani?"

Keson ta kafa wa kwakwar ido. Wanpeng ta dube ta, ta ja tsaki a kan kanta.

"Ta taɓa ƙasa?" Keson ta tambaya.

"Ina fa! Kin zube a zaune kina rungume da ita kamar jaririya. Da ƙyar na ɓamɓare yatsunki. Bakinki ma bai taɓa ta ba, a kofi na zuba, rabi yana nan. To wai a ina aka yi bakancen?"

Keson ta dubi zaruruwan. Kwakwar ta riga ta buɗe, me ya rage da za a rufe?

"Si Muang."

"Si Muang? To me ya kawo ki nan?"

Ta ba ta labari, da shawarar Goggo da ta Kawu. Wanpeng ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, sannan ta juya ta ƙwala kira zuwa inuwar da masu tuk-tuk suke kwance a cikin kekunansu.

"Tongdi! Kai, tsohon banza, kai ka kawo yarinyar nan?"

Ya taso yana gyara hula. "Ita ta ce That Luang."

"Ta ce, ko ka ce?"

"Ta gyaɗa kai!"

"Kowa ya gan ka sai ya sunkuyar da kai, ba gyaɗawa ba ce. Maza kai ta Si Muang kafin ruwan nan ya yi tsami."

Wanpeng ta mayar da murfin kwakwar, ta soka fure a gefe, ta ce wa Keson ta riƙa faɗin inda za ta da ƙarfi. Tongdi kuwa suna hawa ya ce mata a gaskiya goggonta tana da hujja, birnin nan ba a sakin baki da kowa.

A Si Muang ƙamshin turare ya tare ta tun daga ƙofa. Ta shiga da gwiwa cikin ɗakin ciki. Faranti a kan faranti, ayaba da kyandir da kwakwa, kuma kowace kwakwa an sare mata kai, wasu har da tsinken sha a ciki. Keson ta tsaya kallo. Ashe da ta kawo ta a rufe ma sai ta nemi mai sare ta. Amma nasu a cike suke, tata rabi. Ta ajiye ta a tsakiyarsu tare da ayabar, ta kunna kyandir, ta faɗi sunan Inna da na Baba da na ƙauyensu. Sannan a ranta ta faɗi inda sauran ruwan ya tafi, tun da ai an gani.

Dutsen yana nan a kan matashinsa, baƙi, ya yi sulɓi saboda hannuwa. Ta jira layi. Da ya zo kanta ta tambaya ko an karɓa, ta sa hannu biyu, ta ɗaga. Ya taso. Da nauyi, amma ya taso har ƙirjinta.

"An amsa miki," in ji wata tsohuwa a bayanta.

"A'a," in ji ta kusa da ita. "Sai ta sake tambaya, in ya ƙi tasowa a karo na biyu, shi ne an amsa."

"A garinku ko?"

Suka shiga gardama ƙasa-ƙasa. Keson ta mayar da dutsen a hankali, ta ja da baya da gwiwa ta fita. A gindin wata bishiya a harabar ta kira gida a waya.

"Kin kai?" Muryar Inna ba ƙarfi.

"Na kai, Inna. Amma na faɗi inda za ni. Kuma na suma, wata mata ta sare kwakwar ta ba ni rabi. Rabi na kai."

Keson tana jin kaji a bayan wayar.

"Dutsen fa?"

"Ya ɗagu. Amma wata ta ce..."

"Kin faɗi cewa rabi ce kafin ki ɗaga?"

"Na faɗa."

"Kuma ya ɗagu." Inna ta yi ajiyar zuciya. Sai Keson ta ji ta kau da baki daga wayar tana cewa, "Ina shinkafar nan ta safe? A haɗo da busasshen kifi."

Aka yi ƙarar karɓe waya, sai ga muryar Goggo Buwa.

"Ke, saurare ni nan. Mai dawowa daga cika bakance ba ya waiwaye. Kuma kada ki bi hanyar da kika zo."

Keson ta dubi ƙofar, inda Tongdi yake ɗaga mata hannu. Hanyar Paksan guda ɗaya ce tak.

"To, Goggo," in ji ta.