Giya Mai Sunan Nhan

Tuat ya ɗaga kofinsa yana neman ƙanƙara karo na biyu, mai sayarwar ta sake gaya masa cikin ladabi cewa a gidan nan ba a sa wa giya ƙanƙara. Ya juyo ya dubi Malam Khiem kamar wanda aka zaga a bainar jama'a. Tun yana saurayi da ƙanƙara yake shan giya, kamar kowa a garinsu Nam Dinh, yau kuma da furfurarsa ake koya masa sha.

"Ka ji ko, Malam? Giyar ma ta yi boko yanzu. Ba a taɓa ta."

Malam Khiem bai yi dariya ba. A gabansu akwai wani ɗan katako mai ramuka, kowane rami da ƙaramin kofi, kowane kofi da launinsa. Wata an dafa ta da mangwaro, wata da gahawa, wata baƙa ƙirin kamar maganin tari. Ya kurɓi ta mangwaron ya ajiye. Wannan ne gidan giya na uku da suka shiga tun da jirgin ƙasa ya sauke su a Da Nang da safiyar Asabar, kuma su duka biyun sun san ba shi ne gidan da ya kawo su ba.

Gidan da ya kawo su yana can tsallaken kogi, kusa da teku, kuma na Lam ne, ɗan Malam Khiem tilo. Malam ya san unguwar, ya san layin, ƙanwar matarsa ta kwatanta masa har da launin ƙofar. Amma duk sa'ad da suka tari mota sai ya ce a fara ganin wani wuri tukuna, wai don ya fahimci sana'ar kafin ya je ya yi abin kunya. Tuat ya bar shi da wannan ƙaryar, don abota ta daɗe tsakaninsu, kuma shi ma yana son giya.

Abin da ya kawo Malam a fili yake. Matarsa Nhan ta cika shekara uku a ƙasa, lokaci ya yi da za a tono ƙasusuwanta, a wanke su da ruwan ƙamshi, a jera su a ƙaramin akwatin yumɓu, a kai ta kabarinta na dindindin. Mai duba ya tsayar da rana a watan sanyi, kafin sabuwar shekara. Ɗa namiji ne yake tsayawa a bakin ramin ya karɓi uwarsa. Idan Lam bai zo ba, sai dai ɗan wani ya tsaya, dangi na kallo, Nhan ta koma ƙasa kamar wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Lam kuwa rabonsa da yi wa ubansa magana tun ranar jana'iza, wadda ya iso ya tarar har an rufe akwati.

Da yamma suka zauna a kan ƙananan kujerun roba a bakin teku, inda ake gasa kifi da jatan lande a kan gawayi. Nan dai aka kawo wa Tuat giyar gwangwani da ƙanƙara cike da bokiti, ransa ya dawo jikinsa. Ya ɓare kaguwa, ya tsoma a gishiri da lemun tsami da barkono, ya tura wa abokinsa rabi. Masunta suna jan kwale-kwalensu masu kama da kwando zuwa kan yashi. A teburin kusa wasu samari suna ƙirga ɗaya, biyu, uku, su haɗa kofuna su shanye.

Tuat ne kaɗai a duniya, ban da Malam, ya san abin da ya faru a ɗakin asibitin da Nhan ta rasu. Lam ya tashi da sanin cewa ubansa ne mai tsauri, uwarsa ce mai taushi, kuma haka kowa ya sani, don Malam shi ne mai ɗaga murya a gidan. Da yaron ya ajiye aikin injiniya ya tafi kudu dafa giya, Malam ya yi faɗa na kwana biyu ya huce. Nhan ba ta ce uffan ba, kuma ba ta huce ba. Ubanta giya ce ta kashe shi a gefen hanya tana yarinya, ita ta je ta gano gawar. Idan Lam ya kira waya takan tambaye shi ko yana cin abinci, ta yi masa addu'a, ta ajiye wayar ta juya fuska bango. Da likita ya ce abin ya ci jiki, sai ta riƙe hannun mijinta ta sa shi ya rantse ba zai kira yaron ba. Ta ce ba ta son a zo mata bakin gado da warin nan. Malam ya yi ta roƙo har ta daina amsa masa. Ya cika mata alkawari, ya rasa ɗa.

"Gobe ka faɗa masa," in ji Tuat, yana tsotse ƙafar kaguwa. "Ita ta tafi, ba abin da zai same ta. Kai ne kake raye, kai ne kake cin abinci kai kaɗai kamar kare. Wa zai kunna maka turare idan ka mutu? Ni? Ni zan riga ka."

Malam ya ce abin da ya zo yi ke nan. Kuma da gaske yake. A cikin jirgi ya tsara maganar daki-daki kamar darasi, yadda ya saba shekarun da ya yi yana koyar da lissafi. Ya gaji da zama mugu. Yana son ɗansa, yana son ya ji an kira shi Baba ba tare da an ciji haƙori ba, kuma bai ga laifin tsoho ya so wannan ba.

Da safiyar Lahadi suka ci taliyar shinkafa mai kurkum da gyaɗa a wata rumfa kusa da masaukinsu. Malam ya tsakuri kaɗan ya ture kwanon. Da ya fara cewa akwai wani gidan giya da aka yaba musu a bakin kogi, Tuat ya miƙe ya tari mota, ya gaya wa direba sunan layin da kansa, ya buɗe ƙofa ya tsaya yana jira.

Wurin bai kai girman waɗanda suka gani jiya ba. Tsohon ɗakin ajiyar kifi ne aka gyara, da dogayen tebura na katako, a can ciki kuma manyan tankunan ƙarfe suna ƙyalli. Ƙamshin dafaffen sha'ir ya cika ko'ina, mai daɗi, kamar na kunu. Ba a buɗe ba tukuna. Wani mutum cikin takalmin roba yana wanke daɓe da tiyo, ya ba su baya. Malam ya gane shi ta ƙeya. Ya yi ƙiba kaɗan, gashinsa ya fara ja baya daidai inda na kakansa ya ja.

Lam ya juyo, ya kashe ruwan. Ya gaishe da Tuat tukuna, da hannu biyu, ya kira shi Baffa, ya tambayi ƙafarsa mai ciwo. Sannan ya sunkuyar da kai ga ubansa ya ce sannu da hanya. Ya ba su wurin zama. Bai tambayi abin da ya kawo su ba, don shi ma yana ƙirga shekarun.

A bango, sama da famfunan da ake tsiyayo giya, akwai 'yar kanta mai jan ƙyalle. Hoton Nhan ne a kai, tana sanye da rigar da ta sa ranar da Lam ya gama jami'a. Ga ayaba, ga furanni sababbi, ga tokar turaren tsinke ta taru har ta zubo, alamar ba a fashin kunnawa. Kusa da hoton akwai ɗan kofi cike da giya ruwan zuma. Malam ya ɗaga ido ya karanta allon da aka rubuta sunayen giyar da alli. Ta farko a jerin sunanta Nhan.

Lam ya tsiyayo musu ita. Ya yi wa Tuat bayani, ba ubansa ba, cewa da furen lemo ya dafa ta, irin wanda uwarsa take sawa a ruwan wanke gashi. Ya ce duk sabuwar dahuwa ita yake fara zuba wa kafin kowa ya ɗanɗana. Ya ce lokacin da kowa ya ce ya haukace, ita kaɗai ce ba ta taɓa gaya masa baƙar magana ba, ko sau ɗaya, kuma duk ranar da tanki ya lalace ya ji kamar ya rufe wurin ya gudu, muryarta yake tunawa tana tambayarsa ko ya ci abinci. Yana maganar yana goge teburin da ba shi da datti.

Malam ya kurɓa. Giyar tana da daɗi, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ƙamshin ya bi ta hancinsa ya kai shi bayan gidansu da yamma, Nhan ta sunkuya a kan baho. Ya ajiye kofin da sauri. Ya faɗi ranar da mai duba ya tsayar, ya faɗi cewa an riga an sayi akwatin yumɓun, an yi magana da masu haƙa. Ya ji muryarsa ta fito irin ta aji, busasshiya. Tuat yana taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Lam ya zauna a gabansu, karon farko, ya dubi ubansa ido cikin ido.

"Tambaya ɗaya nake da ita, Baba. Na daɗe da ita. Ta neme ni?"

Ga ƙofar da Malam ya yi tafiyar dare da yini yana nema, an buɗe masa ita har bango. Darasin yana nan a bakinsa, daga farko har ƙarshe. Ya dubi ɗansa, mutum mai shekara kusan arba'in, hannuwansa duk ƙuna da tsagewa, yana jiran amsa kamar yaron da aka riƙe wa sakamakon jarrabawa. Ya dubi tokar turaren. Ya ga cewa idan ya yi magana zai samu ɗa, yaron kuma ba zai sake samun uwa ba, kuma gobe da safe dole ya shigo wurin nan ya tsaya ƙarƙashin hoton ya yi aiki.

"Ta neme ka," in ji Malam.

"Har ƙarshe?"

"Har ranar ƙarshe. Ni ne ban kira ba."

Tuat ya janye ƙafarsa. Ya ɗauki kofinsa ya shanye tas, ya juya fuska wajen tankunan kamar akwai abin kallo a jikinsu.

Lam ya gyaɗa kai a hankali. Idanunsa sun cika, amma fuskarsa ta saki, kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya share ido da bayan hannu, ya ce dama ya sani, yana so ne kawai ya ji daga bakin wanda yake wurin. Bai tambayi dalili ba. A ganinsa ya san dalilin tun tuni.

"Zan zo," ya ce. "Saboda ita. A gidan Gwaggo zan sauka."

Malam ya ce to. Ya ce gidan ƙanwar Nhan ɗin ma ya fi kusa da maƙabarta.

Lam ya aika aka sayo musu wainar shinkafa mai jatan lande da ganye, suka ci. Shi da Tuat suka yi hirar ruwan sama da farashin kifi da waɗanda suka mutu a unguwa. Malam ya naɗe waina ɗaya a ganye, ya tsoma a miya, ya ɗago zai sa a kwanon ɗansa kamar da, sai ya ga Lam ya riga ya ture kwanon gefe. Ya ci abinsa.

Da za su tafi, Lam ya shiga ciki ya fito da kwalabe biyu a jaka, ya naɗe su da jarida don kada su fashe. Ya miƙa wa ubansa da hannu biyu. Ya ce a ɗora wa uwarsa a gaban hotonta na gida, a buɗe ɗaya a zuba mata, ta san yana hanya.

Daga tasha jirgi ya tashi, ya fara hawan dutse, teku ta bayyana a ƙasa ta taga. Sannan Tuat ya ce shi dai bai taɓa ganin wawa irin wannan ba, kuma wai malamin lissafi. Ya faɗi haka ba tare da zafi ba, ya ciro lemo daga aljihu ya ɓare ya ba shi rabi. Ya ce idan Malam yana so, shi zai taimaka ya shanye kwalaben tun kafin su kai gida, ba wanda zai sani.

Malam ya girgiza kai. Yaron ya ce a kai mata, kuma za a kai. Ya gyara jakar a kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu saboda girgizar jirgi. Gobe zai goge kantar hotonta, ya kunna turare, ya zuba giyar a kofin shayinta ya ajiye a gabanta. Ya jingina kai da taga ya fara tsara yadda zai yi mata bayani.